Tarin da ya ƙi jin maganin wata shida

Yau da laifin kaina zan fara, don na daɗe ina riƙe da shi a raina.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, doguwa siririya da ta haura shekara sittin. Irin matan nan ne da ba a jin tarinsu a cikin mutane. In ya taso mata sai ta danne shi da bakin mayafi har ta samu ta tashi ta shige ɗaki. Shekarun baya ta kama tari, aka yi wata biyu, aka shiga na uku, ga rama, ga zufar dare, wani lokaci har da ɗan jini a kaki. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da su, aka duba kakin a madubin likita, aka ce tarin fuka ne. Aka ɗora ta a kan maganin wata shida.

Kin san abin da ke biyo baya a gidajenmu. Aka ware mata kwano da kofi da cokali, alhali ko a tarin fuka na gaskiya ware kwano ba ya tsare kowa, ta iska cutar take bi. Aka kwashe jikokin da ke kwana a ɗakinta. Autarsu, 'yar shekara uku, takan zo ta tsaya a bakin labule tana leƙe, uwarta na daka mata tsawa daga tsakar gida.

Goggo ta sha magani, ta ɗan ji dama a farko. Wata shida ya cika, tari ya dawo sabo, aka sake duba kaki aka ce ƙwayar tana nan. A nan ni kuma na shigo da ilimina. Daga wurin aiki na wuce, ko kayan aiki ban cire ba, na zauna gabanta na ce, "Goggo, tsakaninki da Allah, kina shan maganin nan kuwa, ko ƙarƙashin katifa kike tura shi?" Ba ta ce uffan ba. Ta jawo wata tsohuwar samira daga ƙarƙashin gado, ta zazzage mini fankon katin maganin kaf, tun daga na ranar farko, ko ɗaya ba ta yar ba. Ta ce, "Ƙirga, 'yar nan. Ai ke kika yi boko."

Na ƙirga kuwa. Babu ƙwaya ɗaya da ta tsallake.

Abin da ya fitar da mu shi ne wani likitan ƙirji a babban asibiti da ya sa aka yi mata gwajin GeneXpert, wannan na'ura da ke gano tarin fuka cikin 'yan sa'o'i. Na'ura ta ce babu. Madubi ya ce akwai. Likitan ya dubi takardun biyu ya ce to, a shuka kakin a ɗakin gwaji a ga abin da zai tsiro, wato gwajin da muke kira kalca. Sai da muka jira makonni. Da sakamako ya fito, ashe tun farko ba tarin fuka ke damun Goggo ba. Wata 'yar uwarsa ce da ke sanye da kayansa.

Bari in warware miki. Ƙwayar tarin fuka da ta kuturta 'yan gida ɗaya ne, sunan gidan nasu maikobakteriya. Su biyun nan su ne suka yi suna, amma gidan babba ne, akwai dangi kusan ɗari biyu da masana suka tantance. Duk waɗannan sauran dangin ne likitoci suka haɗe da suna ɗaya, NTM, ma'ana maikobakteriyar da ba ta tarin fuka ba. Ba a jikin mutum suke zama ba. Gidansu ƙasa ne da ruwa: ƙurar tsakar gida, ƙasar lambu, rafi, bututun famfo, tankin ruwa, kan shawa. Jikinsu yana da wani rufi mai kauri da maiƙo, shi ya sa sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo yake kashe wasu ƙwayoyin su kuma ya bar su. Wannan rufin dai shi ne yake riƙe launin da ake ɗiga wa kaki kafin a duba, don haka a madubi ba ka bambance su da tarin fuka, kamarsu ɗaya. GeneXpert kuwa ainihin ƙwayar halittar tarin fuka yake nema, in ba ita ba ce sai ya ce babu.

Ni da ke da 'ya'yanmu kullum muna shaƙarsu muna haɗiyarsu, kuma ba abin da suke yi mana. Huhu mai lafiya yana share su ya fitar. Wanda suke samun wurin zama a jikinsa shi ne mai huhun da ya riga ya yi rauni: wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke ya bar tabo, mai shan taba, matar da ta shekara talatin tana shaƙar hayaƙin icce a madafin da ba shi da taga, wanda hanyoyin iskar huhunsa suka buɗe suna tara majina. Sai masu raunin garkuwar jiki, kamar mai cutar ƙanjamau da ba ya kan magani, ko mai shan magungunan da ke danne garkuwa na dogon lokaci. Sai kuma wani rukuni da ya daɗe yana ba likitoci mamaki: mata sirara da suka daina al'ada, waɗanda ba su taɓa shan taba ba, ba su da wani ciwo da aka sani. A 1992 wasu likitoci biyu a Amurka suka laƙaba wa wannan nau'in sunan wata mata mai iyayi a wani tsohon wasan kwaikwayon Turawa, Ledi Windamiya, bisa zatonsu cewa matan suna danne tari ne saboda kunya har majina ta taru musu a huhu. Ba a tabbatar da wannan zaton ba, kuma wasu likitocin suna ganin sunan ma bai dace ba. Amma ranar da na fara karanta shi, bakin mayafin Goggo ne ya faɗo mini a rai.

Abin da ya sa na ɗauko zancen yanzu shi ne cutar tana ƙaruwa a ƙasashe da yawa, kuma a inda ake ƙirgawa da kyau ƙaruwar ba ƙarama ba ce. A Amurka, cikin dattawa 'yan shekara 65 zuwa sama, masu ciwon huhu na NTM sun tashi daga 20 zuwa 47 a cikin kowane mutum 100,000 tsakanin 1997 da 2007. A Japan, sababbin kamuwa sun tashi daga 5.7 a 2007 zuwa 14.7 a 2014, shi ma a cikin kowane 100,000, har ya zamana sun zarce masu tarin fukan da aka tabbatar da gwaji a ƙasar. Koriya ta Kudu, Taiwan, Ingila da Ostiraliya duk labarin ke nan, yana hawa.

Me ya kawo haka? Wani ɓangare dai ido ne ya buɗe. Na'urorin ɗaukar hoton ƙirji sun inganta, ɗakunan gwaji sun iya tantance ƙwayar da a da ake cewa datti ne ya shiga kwalba. Amma ba shi ke nan ba. Mutane suna tsufa fiye da da, masu ciwon daji da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suna rayuwa shekaru a kan magungunan da ke rage garkuwa. Salon wanka ma ya canza: shawa tana mayar da ruwa feshi, feshin yana ɗauke da ƙwayar da ta yi gida a kan shawar zuwa cikin huhu. Wankan bokiti da moda da muke rainawa ba ya tada wannan feshin. Akwai kuma masu ganin cewa a ƙasashen da tarin fuka ya ja baya, aka daina yi wa jarirai rigakafinsa, jikin mutane ya rasa wata 'yar kariya da yake samu a kan sauran dangin. Zan dawo kan wannan in mun zo maganar yara.

Za ki ce to wannan ai matsalar masu shawa ce da ruwan zafi a bango, mu ina ruwanmu? Nan ne fa abin ya fi damuna. Mu a nan tarin fuka ya yi yawa, Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa fama da shi a duniya, saboda haka duk mai dogon tari da aka ga ƙwaya a kakinsa, kai tsaye sai a ce shi ne. Yawanci kuma gaskiya ne. Amma a wani bincike da aka yi a jihar Kaduna aka wallafa a 2013, an shuka kakin mutum fiye da 1,600 da ake zargin suna da tarin fuka. Cikin waɗanda ƙwaya ta tsiro a kakinsu, kusan 15 cikin 100 NTM ce, ba tarin fuka ba. An kuma fi samunta a lokacin hunturu, lokacin ƙura da hazo. Ba duk wanda aka samu ƙwayar a kakinsa ne take yi wa ciwo ba, wani wucewa kawai take yi. Duk da haka ki ɗan yi lissafi: a asibitocin da madubi kaɗai gare su, mutum nawa ne suka sha maganin wata shida, bai yi ba, aka ce ba sa sha, ko aka ce tarinsu mai bijire wa magani ne aka ƙara musu mafi zafi?

Kada wata ta karanta wannan ta je ta ce wa mijinta ko uwarta su ajiye maganin tarin fuka. Wallahi ba haka nake nufi ba. In an ce miki tarin fuka ne, musamman in GeneXpert ne ya faɗa, to shi ne, a sha magani har ƙarshe, yana warkewa sarai, kuma gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada. Wadda ba ta san inda za ta je ba, a Najeriya akwai layin kira kyauta, 3340. Maganata a kan wanda ya sha magani bil haƙƙi ne amma bai warke ba, ko wanda madubi ya ce akwai, na'ura ta ce babu. Wannan ya koma asibiti da duk takardunsa, ya tambayi likita cikin ladabi, "Likita, ko za a yi kalca a tantance wace ƙwaya ce?" Ba rashin kunya ba ne. Likitan kirki zai ji daɗin tambayar. Kuma a shirya wa jira, don yawancin ƙwayoyin nan ba sa sauri, tsirarsu tana iya ɗaukar mako shida ko fiye, sannan ana so a same ta a kaki aƙalla sau biyu daban-daban, a haɗa da hoton ƙirji da alamun da mutum ke ji, kafin a ce ita ce mai laifin.

Abu ɗaya da nake roƙonki da babbar murya: a lokacin jiran nan kada a tafi kemis a riƙa sayen azitromaisin ana sha duk sanda tari ya motsa. Tun zamanin korona maganin nan ya zama kamar alewa a unguwanninmu. Shi da ɗan uwansa kilaritromaisin su ne ginshiƙin maganin yawancin ciwon huhu na NTM, kuma in aka sha shi shi kaɗai, ƙwayar tana koyon bijire masa. In ta bijire, an karya babban makamin da likita zai yi amfani da shi, abin da ya rage sai allurai masu wahala.

Maganin nasa ba wasa ba ne. Galibi kala uku ake haɗawa, kuma ana ci gaba da sha har shekara guda bayan kaki ya daina nuna ƙwayar, wato jimilla ya kan kai shekara ɗaya da rabi. Ɗaya daga ciki, itambutol, yana iya taɓa gani, don haka in mai sha ya ce yana ganin dishi-dishi ko launuka sun rikice masa, a ranar a koma asibiti. Rifamfisin kuwa yana mayar da fitsari ja kamar manja, wannan ba komai ba ne. Abin da ya kamata ki sani game da shi, ke mai sauran haihuwa, shi ne yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a hannu. Ko don tarin fuka aka ba ki shi, ki faɗa wa ma'aikaciyar tazara a canza miki hanya. Na ga cikin da aka samu ta wannan ƙofar ba sau ɗaya ba.

Yanzu ga yara, don na san nan hankalinki yake. A yaro mai lafiya ƙwayar ba ta cika zuwa huhu ba. Abin da ta fi yi shi ne kaluluwa a wuya ko ƙarƙashin muƙamuƙi, yawanci ɓangare ɗaya, a yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, lokacin da komai suka tsinta a ƙasa baki yake zuwa. Kumburin ba ya ciwo, yaro yana wasansa, yana cin abincinsa, ba zazzaɓi. Mako ya wuce, wata ya wuce, bai sace ba, an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na yau da kullum bai ko gezau ba. Daga baya fatar wurin ta yi laushi, ta yi sheƙi, launinta ya canza, wataƙila ta fashe ta riƙa tsiyaya. A nan ne kakanni sukan ce a kira wanzami ya yi sakiya. Don Allah kada a yi. Tsaga irin wannan kumburin yakan bar rami mai tsiyayar ruwa wata da watanni da tabo mai muni a wuyan yaro. In aiki ya kama, likitan tiyata cire kaluluwar yake yi gaba ɗayanta, wani lokaci kuma magani ake bayarwa ko a sa ido har ta baje da kanta. Kuma a ƙasarmu kaluluwar wuya da ta daɗe a yaro, tarin fuka ake fara nema kafin komai, balle in akwai mai tari a gidan. Ko wanne ne, asibiti ne wurinsa.

Ga abin da na ce zan dawo kansa. Ƙasar Suwidin ta daina yi wa dukan jarirai allurar BCG a 1975, Finlan ta daina a 2006, saboda tarin fuka ya yi ƙaranci a can. A duka ƙasashen biyu, bayan dainawar sai irin wannan kaluluwar ta NTM ta ƙaru a ƙananan yara. Ashe lambar nan da ake yi wa jaririnki a dantse ranar haihuwa, wadda take yin ɗan ƙurji ki yi ta fargaba, tana yin aiki biyu. Wadda ta haihu a gida ba a yi wa jaririnta ba, ta kai shi a yi masa, kada ta ce sai bayan arba'in.

Hanya ta uku ita ce fata, kuma wannan tamu ce mu mata. Wasu daga cikin dangin suna shiga ta inda aka huda jiki da kayan da ba a tsabtace da kyau ba, ko aka haɗa allura da ruwan da ba na allura ba. A shekarar 2000 a Kalifoniya ta Amurka, mata fiye da ɗari suka fito da maruru a ƙafafu daga shagon gyaran farce guda ɗaya, aka bi diddigi aka tarar ƙwayar ta yi gida a kwamin da ake jiƙa ƙafa, kuma waɗanda suka aske ƙafa kafin su je sun fi kamuwa. Ki auna wannan da allurar ƙarin ƙugu da ta hasken fata da ake yi wa 'yan matanmu a ɗakunan da ba asibiti ba. Alamarsa ita ce kumburi a wurin allura ko wurin tiyata da ke fitowa bayan makonni, ba zafi sosai, a matse ya dawo, a sha magani ya ƙi. Wadda ta ga haka ta faɗa wa likita gaskiyar abin da aka yi mata. Mun ji abin da ya fi wannan, ba za mu kai ƙararta gida ba.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Gana, Kwaddebuwa, Benin, Kamaru da kudancin Najeriya kusa da fadama da ruwa mai kwanciya, gyambon Buruli ma ɗan gidan nan ne. Yana farawa da ƙullutu marar ciwo a hannu ko ƙafa, yara ne da yawa cikin masu kamuwa, kuma in an kama shi da wuri maganin sha na mako takwas yana warkar da shi kafin ya ci nama.

Batun ruwan gida kuwa, kada ki ɗaga hankalinki. Mai lafiya ya ci gaba da wankansa yadda ya saba. In akwai mai raunin huhu a gidan, a riƙa kwance kan shawa ana wanke shi, a buɗe tagar banɗaki, a wanke tanki lokaci-lokaci, a yayyafa ruwa kafin shara kamar yadda iyayenmu suke yi, shi kuma ya sa takunkumi in hazo ya sauko. Waɗannan rage haɗari suke yi, ba wanda ya isa ya raba gida da ƙwayar da ke cikin ƙasa da ruwa.

Na bar abin da ya fi taɓa ni zuwa ƙarshe. Ciwon huhu na NTM, in ban da wasu 'yan lokuta da aka gani tsakanin masu wani ciwon huhu na gado da ya fi yawa a Turawa, ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum. Wata takwas aka raba Goggo da jikokinta a kan cutar da ba za ta iya shafa musu ba. Ranar da likita ya faɗi haka, ba ta tambaye shi yawan maganin da za ta sha ba, ba ta tambayi kuɗinsa ba, ga shi kuwa wannan ba kyauta ba ne, 'yan uwa ne muka yi ta karo-karo. Cewa ta yi, "Likita, yarinyar za ta iya dawowa ɗakina?" Ya ce ko yau.

Ta sha magani wata goma sha tara. Har yanzu takan yi tari in sanyi ya shigo, kuma duk bayan 'yan watanni muna kai kaki a duba, don cutar tana iya dawowa. Na koya mata ta daina danne shi, ta fitar ta tofar a gwangwani mai murfi, ko da baƙi a ɗakin. Ta ce wannan kam sai dai in yi haƙuri, ba ta saba ba. Samirar tana nan ƙarƙashin gado, ta cika ta tumbatsa, kuma duk sanda na je gaishe ta sai ta tura autar jikokin ta jawo mini ita.